Wasan da aka cinye ka, shi ne malaminka

Yau hirarmu a kan darar nan ce mai sarki da sarauniya da doki, wadda Faransawa ke ce ma eshek. Asalinta daga Indiya ne. Allonta yana da gida 64, kowane ɗan wasa yana da ƴaƴa 16.

Kai da ka fara koyonta, na san abin da ke faruwa. An cinye ka, ranka ya ɓaci, ka watse ƴaƴan, ka ce a sake. Gobe kuma a cinye ka da dabarar jiya. Haka mutane da yawa suke gajiya su bar wasan. Manya sun ce kada ka dubi inda ka faɗi, dubi inda ka yi tuntuɓe.

To, yaya za ka gane wurin tuntuɓen? Ka rubuta wasan. Kowane gida yana da suna: baƙi guda daga a zuwa h, da lamba guda daga 1 zuwa 8. Duk ɗan da aka gusa, ka rubuta gidan da ya sauka. In an gama, ka jera ƴaƴan, ka bi takardarka sannu sannu.

Ga misali. Kana riƙe da baƙaƙe. Abokinka ya kai soja e4, ka kai naka e5. Ya kai giwa c4, ka kai doki c6. Ya kai sarauniya h5. Kai kuma ka fito da ɗayan dokin zuwa f6 don ka kore ta. Sai ta cinye sojan f7, ta tsare sarkinka. Sarki ba ya iya cin ta, don giwa na tsaronta. Wasa ya ƙare a taku 4.

Ina kuskuren? Ba a takun ƙarshe yake ba. Yana lokacin da ka fito da doki ba ka tambayi kanka ba: me yake nufi da wannan sarauniya? Da ka tura soja zuwa g6, da ka toshe mata hanya, da kuma dole ta ja baya.

Ko gwanaye haka suke yi. A 1960, a birnin Mosko, wani saurayi mai shekara 23, Mikhail Tal, ya ƙwace kambin duniya daga hannun Mikhail Botvinnik. Botvinnik ya koma gida ya bincike wasanninsu. Ya lura Tal ya fi ƙarfi in allo ya rikice. Da suka sake karawa a 1961, sai ya riƙa jan wasan zuwa inda ƴaƴa suka ragu, babu hargitsi. Ya ci da maki 13 da 8, yana da shekara 49.

Saboda haka, wannan mako, in an cinye ka, ka ba abokinka hannu. Ka tambaye shi: ina ka ga na yi sake? Ka nemo kuskure guda ɗaya tak, ka rubuta shi a littafinka. Kafin wasa na gaba, ka karanta shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.