Sojan da Bakinsa Ne Bindigarsa

Dattawa da 'yan'uwa, yau maganarmu a kan Birgediya Janar Sani Kukasheka Usman ce. Ya karanta aikin jarida a Jami'ar Bayero ta Kano, kuma daga 2015 har ya yi ritaya a 2019 shi ne kakakin rundunar sojan ƙasa, ana tsakiyar yaƙin Boko Haram. In Shekau ya saki bidiyo, shi ke fitowa ya mai da martani, don kada tsoro ya kashe mutane tun harsashi bai tashi ba.

To amma fa aikin akwai santsi. A Agustan 2016 ya ba da sanarwar an yi wa Shekau raunin ajali. Wata na kewayowa sai ga mutumin a bidiyo. Mu 'yan kasuwa mun san wannan: in ka tauye mudu sau ɗaya, ko gobe ka cika sai an duba.

Mu da ke zaune a garin wasu, jita-jita ɗaya ta isa ta ƙone mana rumfuna. Saboda haka duk labarin da ya zo, ko daga bakin wa, mu bincika kafin mu kai gaba. Allah ya tsare mu. Wassalam.