Kada a Hana wa Mai Ciwon Hanta Abinci: Jawabi ga Iyalai a Sanam

Iyayena da ƴan uwana na Sanam da kewayen ƙasar Kurfai, na gode da kuka bar aikinku kuka zo. Maganata ta yau a kan majinyacin da ciwon hanta ya daɗe a jikinsa ce, har wata rana a wayi gari hankalinsa ya fara rikicewa.

Da yawanku kun taɓa ganin irinsa: yana barci da rana, yana kwana ido biyu, yana mance sunan ɗansa. In ya miƙe hannuwansa sai su riƙa kaɗawa kamar fiffiken tsuntsu. Nan da nan a ce iska ce ta taɓa shi, ko hauka ne. Ba haka ba ne. Hanji yana samar da wani dafi mai suna amoniya, hanta kuwa ita ke tace shi daga jini. Idan hanta ta ƙandare ta kasa aikinta, dafin sai ya hau ƙwaƙwalwa. Wannan ruɗewa tana da magani, kuma sau da yawa hankali yakan dawo.

Dashen hanta aiki ne mai tsadar gaske, wanda masu hali ke nema a ƙasashe irin su Indiya, Masar da Faransa. Amma ko mai jiran dashe, ko wanda ba shi da halin zuwa, ƙarfin jikinsa ne jarinsa. A da akan hana irin wannan majinyaci abinci mai gina jiki. Yanzu likitoci sun tabbatar hanin yana cutarwa, domin tsokar jiki ma tana taya hanta kawar da amoniya. In tsoka ta zube, ruɗewa sai ta ƙaru.

Mutum mai nauyin kilo 60 yana buƙatar giram 72 zuwa 90 na furotin a yini. Ana samunsa a wake, ƙosai, ƙwai, kunun gyaɗa, zogale, da fura da nonon da aka tafasa madararsa. A ba shi kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a yini, kuma kada ya kwanta da dare sai ya sha fura ko kunu. Dogon zama da yunwa yana cinye tsokarsa, saboda haka ya nemi shawarar likita kafin ya ɗauki azumi. Addini ya yi wa marar lafiya sauƙi. In ciki ya tara ruwa, a rage gishiri da magi da kanwa. A zubar da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, domin gubarta tana ƙara lalata hanta.

Ku kula da bayan gidansa. Maganin laktulos da likita ke rubutawa ana so ya sa shi fita sau 2 ko 3 a yini, da laushi. A nisanta shi da giya, taramol, ƙwayoyin barci da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. In kuka ga aman jini, baƙin bayan gida, zazzaɓi, ko barcin da ba ya tashi, ku garzaya da shi cibiyar kiwon lafiya ta Sanam, a tura shi asibitin Filinge ko Yamai in ta kama. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki.

Babban mai jawo wannan ciwo a ƙasashenmu shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda sau da yawa ake kamuwa da shi tun ƙuruciya. Rigakafinsa yana cikin allurar penta da ake yi wa jarirai, don haka kada uwa ta tsallake ko ɗaya. Mutanen gidan majinyaci kuma su je a auna jininsu.

Allah ya ba majinyatanmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.