Zaɓen Kwaleji ga Mai Neman Ilimin Addini da Falsafa a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Takardar da ake samu a Amurka bayan shekara 2 a ƙaramar kwaleji, wadda ba ta kai digiri ba amma take buɗe ƙofarsa, ba ta da takwara sak a Nijeriya. Abin da ya fi kusa da ita shi ne difloma, sai kuma NCE, wato shaidar malanta ta ƙasa, wadda ake yi cikin shekara 3. Ɗalibin da ya gama sakandare a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa yana son zurfafa ilimin addini, tsakanin waɗannan biyu zai zaɓa, kuma a nan ne da yawa suke yin tuntuɓe, domin sukan dubi sunan makaranta su manta da tambayar inda takardar za ta kai su.

Hukumar NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ke tantance kwasa-kwasan kwalejojin ilimi irin su Kwalejin Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina da takwararta ta Zariya kafin a mayar da ita jami'a. A tsarin NCE akan haɗa wa ɗalibi fannoni biyu, misali addinin Musulunci da Larabci, ko addinin da Hausa, kuma wanda ya fita da sakamako mai kyau yana iya neman gurbi ta hannun JAMB ya fara jami'a daga aji biyu. Difloma kuwa iri-iri ce. Akwai wadda jami'o'i suka yarda da ita, akwai kuma wadda iyakarta a rataye ta a bangon zaure, bayan uba ya sayar da buhunan masarar da ya noma a Faskari don biyan kuɗinta. Saboda haka ya kamata a je jami'ar da ake hari, Umaru Musa 'Yar'aduwa ce ko Al-Qalam ko Ahmadu Bello, a ji daga bakinta kafin a sayi fom.

Maganar falsafa ta fi wuyar sha'ani, domin kalmar kanta tana sa wasu iyaye ɗaure fuska, alhali ba baƙuwa ba ce a ƙasar Katsina. Al-Maghili, wanda ya zauna a Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, har ya yi musayar ra'ayi da Suyuɗi wanda ke ƙyamar fannin. Almajirin da ya karanta Ummul Barahin ta Sanusi a gaban malaminsa, ya koyi raba wajibi da mustahili da ja'izi a hukuncin hankali, ya riga ya ɗanɗana falsafa ko da ba a faɗa masa sunanta ba. A kwalejojin nan ba a cika samunta a matsayin sashe mai zaman kansa ba, sai dai a same ta cikin tauhidi da usulul fiƙhi da falsafar ilimi, don haka manhajar ce abin dubawa, tare da malaman da ke koyar da ita.

Sai batun hanya, wanda mutumin wannan yanki ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani tun bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara fiye da 300 a Disambar 2020. Ga ɗan Sabuwa, Zariya ta fi birnin Katsina kusa, balle Daura inda Kwalejin Yusufu Bala Usman take. Amma kusanci a taswira daban, hanyar da direba zai yarda ya bi bayan la'asar daban. Kwalejin da ke da ɗakin kwana mai katanga, musamman ga 'ya mace, tana rage yawan zirga-zirgar nan zuwa hutun zango kawai.