Aikin Hannu Tsakanin Kaka da Jika: Hanyar Ƙarfafa Zumunci a Gidan Bahaushe



Gabatarwa

Wannan takarda ta tsaya ne a kan abu guda: zaman da kaka da jika ke yi suna ƙera wani abu da hannunsu yana daga cikin manyan igiyoyin da suka ɗaure zuri'ar Bahaushe, kuma ya kamata mu farfaɗo da shi da gangan kafin masu saninsa su ƙare.

Matsayin kaka a wurin jika

Al'adarmu ta sanya kunya tsakanin iyaye da 'ya'yansu, musamman ɗan fari, wanda uwa ba ta ko kama sunansa. Amma tsakanin kaka da jika sai ta sanya wasa. Kaka mace na kiran jikanta namiji "mai gida", ta kira jikarta mace "kishiya", shi kuma kaka namiji ya ce da jikarsa "amarya". A gidaje da yawa wurin kaka ake kai yaro yaye. Saboda haka yaro na sakin jiki a gabanta. Zai ɓata kaba sau goma a yi dariya, ya sake ɗauka ba tare da fargabar tsawa ba. Koyon aikin hannu kuwa ba ya yiwuwa sai inda aka yarda yaro ya yi kuskure.

Ayyukan da aka saba

A tsakar gida, jika mace na zama gefen kakarta tana ganin yadda ake gurzar auduga, a shafa alli a yatsu, a murza mazari har zare ya fito. Tana miƙa kaba ana saƙa faifai da tabarma, tana kallon yadda ake rina kabar ja da kore. Ranar ƙunshi ita ce mai riƙe ƙwaryar lalle. A zaure ko gindin bishiya, kaka namiji na feƙe alƙalami, ya haɗa tawada da gawayi da ƙaro, ya nuna wa jikansa yadda ake zayyanar allon sauka. Bayan girbi akwai motar kara, da damina akwai shanun laka.

Daga irin wannan zama gwanaye ke fitowa. Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, a gida ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, a hannun 'yar'uwar iyayenta. Sai a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, wadda Michael Cardew ya jagoranta. Haka marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ta kawo yau ne domin kowane tsoho ya miƙa sanin baba da toka ga na bayansa.

Abin da zaman ke haifarwa

Faifan da yaro ɗan shekara 6 ya saƙa ba zai sayu a kasuwa ba, kuma ba don kasuwa aka yi shi ba. Ribar tana cikin hirar. Hannu na aiki, baki na ba da labari: daga wane gari kakannin suka taso, wa ya haifi wa, me ya haɗa gidan nan da wancan. Yaron da ya ji wannan a bakin kakarsa zai girma ya san danginsa da suna. Yana kuma koyon haƙuri da kammala abin da ya fara, yatsunsa na sabawa da riƙo tun kafin ya kama fensir.

Ita ma kaka tana ƙaruwa. Tsohuwar da ake zuwa gaishewa a tsaye a wuce, yau ga mai neman abin da ta sani. Wannan na rage mata kaɗaici, ya dawo mata da martabarta ta malamar gida.

Abin da ya kawo cikas

Aiki da karatu sun kai ma'aurata birane, an bar tsofaffi a ƙauye. Roba ta maye gurbin ƙwarya da faifai. Yaro na fita daga boko ya shiga Islamiyya, abin da ya rage na lokacinsa kuma wayar hannu ta cinye. Idan an je gaida kaka da salla, kowa na duban wayarsa.

Shawarwari

Na farko, iyaye su ware kwanaki a hutun makaranta su bar yara su kwana wurin kakanninsu, da kaba ko yumɓu ko zare a hannu. Na biyu, a duba shekarun yaro: ƙanana su yi laka da zane, wuƙa da allura da wuta su jira manya. Na uku, makarantun firamare su riƙa gayyatar tsofaffin unguwa a darasin aikin hannu. Na huɗu, abin da yaro ya ƙera a ajiye shi inda za a gani, a faɗa wa baƙi shi da wa suka yi.

Kammalawa

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Ƙafa za ta kai yaro gidan kakarsa, amma aikin da suka yi tare shi zai sa ya so komawa. Ina roƙon duk wanda Allah ya bar wa mahaifi ko mahaifiya da rai, ya kai musu jikokinsu a hutun nan mai zuwa, ya ba su lokaci su zauna su yi wani abu tare.