Maganin Asma Ya Zauna A Hannun Uwargida

Iyayena, yayyena da ƙannena na Kirikasamma da ƙasar Haɗeja baki ɗaya.

Yau maganata a kan asma ce, wato fuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ke fama da ita a 2019, kuma a shekarar ta kashe mutum 455,000. A ƙuruciya ta fi kama yara maza, amma da an balaga sai lissafi ya juya: ta fi yawa ga mata, ta kuma fi wahalar da su.

To jama'a, mu leƙa gidajenmu. Wa ke tsugune gaban murhu safe da yamma? Wa ke sheƙar shinkafa? Ga hayaƙin bandar kifi, ga ƙurar hunturu.

Maganin shaƙa iri biyu ne. Shuɗin nan, Ventolin, buɗe ƙirji yake yi nan take. Ɗayan kullum ake shaƙarsa ko da lafiya lau, shi ke kwantar da kumburin hanyoyin numfashi, ya hana ciwon tashi. Mu maza, abin da nake gani, da ƙirji ya saki sai mu watsar da na kullum. Mata kuwa matsalarsu daban. Budurwa na ɓoye nata kada a ce mai ciwo ce, manema su gudu. Mai juna biyu na dainawa don tsoron cikin, alhali likitoci sun ce asmar da aka bari ba magani ta fi zama haɗari ga jariri. Wata kuma nata ya ƙare, tana jiran maigida ya dawo daga fadama.

Kun san damina a nan. In ruwa ya yanke hanya, numfashi ya sarƙe da tsakar dare, yaushe za a kai Haɗeja?

Don haka magidanta, maganin ya zauna a hannun mai ciwon, a sayi wani kafin ya ƙare. A raka ta asibiti ma'aikacin lafiya ya gwada mata yadda ake shaƙa. Kansiloli, ku bi asibitocin mazaɓunku ku tabbata iri biyun suna nan kafin ruwa ya sauka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.