Harafi Ɗaya, Lamba Biyu: Darasin Kerala ga Masu Rubutu a Kurfai da Imanan



Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ya raba wa haruffan duniya lambobi, kuma da waɗannan lambobin ne waya ke adana saƙo, da su take nemo suna. Matsalar da na kawo gabanku ita ce: me ke faruwa idan harafi ɗaya ya samu hanya biyu ta shiga na'ura?

Mutanen jihar Kerala ta kudancin Indiya sun sha wannan. A rubutun harshensu, Malayalam, akwai wasu baƙaƙe marasa wasali da ake kira chillu, waɗanda sukan zo a ƙarshen kalma. Da farko ba su da lambar kansu. Sai an haɗa abu uku: baƙin, da alamar kashe wasali, da wata alama da ido ba ya gani. A 2008, a fitowar Unicode ta 5.1, aka ba chillu shida lambobinsu, daga 0D7A zuwa 0D7F. An yi cacar baki sosai, domin tsoffin takardu suna nan da tsohuwar hanya. A ido kalmar ɗaya ce, amma wanda ya nema da sabuwar lamba yana iya rasa abin da aka ajiye da tsohuwa. Sai da masu manhaja suka zauna suka koya wa na'ura cewa duk kanwar ja ce.

To, mu ma muna da namu chillu, wato ƴ. Ƙa'idar rubutun Hausa da Nijar ta tsayar a 1999 ta ɗauki ƴ mai lanƙwasa, lambarsa 01B4. A Najeriya kuwa waƙafin sama ake sa wa y. Shi kansa waƙafin iri-iri ne a na'ura: akwai miƙaƙƙe, akwai karkatacce da Word ke sauyawa da kansa ba tare da shawararka ba, akwai kuma wanda aka ware don haruffa. Ku dubi malamin da ya rubuta takardun darasi, rabi a waya da ƴ, rabi a kwamfuta da waƙafi. Ya nemi "ƴaƴa", rabin shafukan ba su fito ba, alhali kalmar tana ciki. Ban ma taɓo masu zubar da lanƙwasa gaba ɗaya ba, waɗanda a wurinsu baƙi da baki duk ɗaya ne. Uzurin da ake kawowa, wai na'ura ba ta da haruffa masu lanƙwasa, ya daɗe da mutuwa: ɓ, ɗ da ƙ suna cikin Unicode tun farkon shekarun 1990, kuma manhajar rubutu a waya ta Gboard na da allon Hausa.

Ƴan'uwanmu Abzinawa na Imanan su ma zancen ya shafe su. Rubutunsu na Tifinag ya shiga Unicode a 2005, bisa tsarin da Maroko ta gabatar, tare da wasu haruffa na Abzinawa, har da masu ɗauke da sunan Ayar da Tawellemet. Amma alamar da ke haɗa baƙaƙe biyu su zama ɗaya, yadda tsofaffi ke rubutawa, sai a 2010 aka ƙara ta. Duk wanda zai kwafe wasiƙun gargajiya zuwa kwamfuta, sai ya tsaya kan hanya ɗaya tun daga shafin farko.

A ganina, ƴ ya fi waƙafi aminci, don lamba ɗaya gare shi, ba ya rikiɗa. Don haka ina roƙon masu duba makarantu da malaman yaƙi da jahilci na wannan yanki su sa allon Hausa a kowace na'urar aiki, su kuma bi tsoffin takardunsu su mayar da kowane y mai waƙafi zuwa ƴ kafin takardun su yi yawa.