Jiragen Amurka a Gaɓar Teku, Fatake a Kasuwar Jega

 

Wani zai ce mene ne haɗin garinmu Liba da jirgin ruwan Amurka, mu da babban ruwan da muka sani shi ne gulbin da ya ratsa ta Jega? Amsar ita ce kasuwa. Jirgin bai taɓa zuwa nan ba, amma cinikinsa ya zo, kuma ya taɓa kakanninmu.

A ƙarni na 19, garin Salem da ke jihar Massachusetts ya yi fice wajen tura jirage masu tafiya da iska zuwa Afirka. Sukan ɗauko ganyen taba, barasa, albarushi, bindigogi da farin yadi, su bi gaɓa daga Gambiya zuwa Saliyo har Elmina da Ankara. Kyaftin ɗin jirgi shi ne madugu, shi ne kuma mai ciniki. Yakan yi watanni yana tsayawa tasha-tasha, yana musanya kayansa da ƙiraga, manja, hauren giwa, ƙaro da garin zinariya. A gabas kuwa, Amurka ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da Sayyid Sa'id mai mulkin Zanzibar a 1833, ta kuma buɗe ofishin ƙaramin jakada a can a 1837.

To, ina muka shigo? A daidai wannan zamani Buhari ɗan Abdussalami na Gimbana ya kafa Jega, wajen 1820, kasuwarta ta bunƙasa har ana ambatonta bayan ta Kano. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja neman goro sukan yada zango a Jega, su yi guzuri, su ƙara jakuna, su ƙetare Kwara, su bi ta ƙasar Bargu da Zugu har Salaga. Wata hanyar kuma ta gangara Yawuri da Nufe. Ta waɗannan hanyoyi biyu kayan bakin teku ke hawowa arewa, daga hannu zuwa hannu.

Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya isa Kano a 1851, ya tarar Larabawa na kukan cewa kayan nahiyar Amurka da ke shigowa ta kasuwannin Nufe suna kashe musu ciniki. Ya kuma faɗi abin da ake biya da shi: bayi, sai ɗan abin da ba a rasa ba na kanwa.

Nan ne ya kamata mu tsaya mu yi wa kanmu adalci. Amurka ta haramta shigo da bayi a 1808, ta mayar da laifin daidai da fashin teku a 1820, ta kuma amince da Ingila a 1842 cewa za ta ajiye jiragen sintiri a gaɓar Afirka. Duk da haka, jiragen da aka ƙera a Amurka sun ci gaba da jigilar mutane zuwa Brazil da Kuba. Har a 1860 jirgin Clotilda ya kwashi mutum kusan 110 daga Wida zuwa Alabama. Ku duba labarin Muhammadu Baƙwaƙwa, ɗan Zugu, wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. An sayar da shi zuwa Brazil, ya kuɓuta a New York a 1847, aka buga tarihinsa a Detroit a 1854. Garinsu yana kan hanyar da fataken Jega ke bi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai jirgi ya saya, amma a cikinmu aka sami mai sayarwa.

Me ya kawo ƙarshen wannan zamani? Jiragen Ingila masu injin tururi sun fara zirga-zirga a kan lokaci daga 1852, yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya katse yadi da taba, tashar Salem kuma ta gaza ɗaukar manyan jirage. Amma cinikin bai mutu ba, hanya ya sauya. A ƙarshen ƙarnin, jemammiyar fatar jar akuyar ƙasar Sakkwato tana ƙetare Sahara a bayan raƙumi zuwa Tarabulus, daga can a kai da yawa daga cikinta Amurka, a sayar da ita da sunan fatar Maroko.

Darasin a fili yake. Mu muka yi kiwo, mu muka yi jima, amma mai abin sufuri shi ya yanka farashi, shi ya ci riba, har sunan kayan ya tafi ga wani. Manomin albasa na Aliero ya san wannan ciwo: ranar da kaka ta yi, idan ba shi da wurin ajiya ko motar kaiwa kudu, dillali ke faɗin kuɗin buhu.

Saboda haka ina roƙon abu biyu. Ɗalibanmu na jami'ar Aliero su zauna da dattawan gidajen fatake a Jega, Maiyama da Liba, su rubuta hanyoyi da zangunan da kakanninsu suka bi tun masu sanin suna raye. Manoma da 'yan kasuwa kuma su haɗa kai kan rumbun ajiya da sufuri, domin farashin abin da muka noma ya fito daga bakinmu.

 Allah Ya sa mu amfana.